Gilashin Kyamara a Harkar Fim

Matashin da ke kallon fim a waya a wata majalisa a Yalwan Damai ba ya bukatar kowa ya gaya masa in hoto ya yi kyau. Da gani zai ce, "Wannan an kashe masa kuɗi, babbar kyamara suka sa." Kyamara tana da nata rabon, amma mafi yawan abin da ya burge shi aikin gilashin da ke bakinta ne. Ita kyamara karɓa take yi ta adana. Gilashi ne ke tattaro haske ya lanƙwasa shi, shi ke ƙayyade abin da zai shiga hoto, da wanda zai fito garau, da wanda zai koma dishi-dishi. Tun ƙarni na 11 Ibnul Haisam ya tabbatar a Alƙahira, cikin Kitabul Manazir, cewa haske daga abu yake tasowa ya shigo ido, kuma a kan wannan tushe aka gina sana'ar.

Lokacin da ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a Kano a 1990, mafi yawan kyamarorin kaset na zamanin a manne suke da gilashinsu, ba a cirewa balle a zaɓa. Abin da ya sauya lamarin a duniya shi ne fitowar Canon 5D Mark II a 2008, kyamarar hoto mai ɗaukar bidiyo wadda ake sauya mata gilashi. Cikin 'yan shekaru ire-irenta suka cika lokeshan a Kannywood. Zaɓi ya zo hannun mai ɗaukar hoto, sai dai sanin yadda ake zaɓen bai zo tare da shi a kwali ɗaya ba.

Lambar farko da ake dubawa a jikin gilashi ita ce ta milimita. Ƙaramar lamba, kamar 18 ko 24, tana buɗe fili, ta kwaso wuri mai faɗi, ta kuma sa abin da ke kusa ya yi girma, na nesa ya ƙara nisa. Babbar lamba, 85 ko 135, tana zuƙo abu ta matse tazara. A ce za a ɗauki manomi a gindin Dutsen Habude na Birnin Kudu, inda zanen shanun mutanen da yake. In aka matso kusa da shi da 24, mutumin zai cika hoto, dutsen ya ja baya. In aka ja da baya aka sa 135, dutsen zai taso ya tsaya a kafaɗarsa kamar zai danne shi. Mutum ɗaya ne, wuri ɗaya, amma labari biyu aka bayar. Shi ya sa ba a kusantar fuskar jaruma da 18, don hanci zai kumbura, kunnuwa su shige baya.

A kula, lambar ba ta aiki ita kaɗai. Girman farantin da ke karɓar haske a cikin kyamara yana sauya abin da ake gani. Gilashin 35 a kan farantin da ake kira Super 35 yana ba da kusan faɗin da 50 ke bayarwa a kan babban faranti mai milimita 36 da 24.

Lamba ta biyu ta ƙofar haske ce, wadda ke buɗewa da tsukewa irin na ƙwayar ido. Ana jera ta 1.4, 2, 2.8, 4, 5.6, kuma kowane mataki gaba yana rage rabin hasken. A gilashin hoto harafin f ke gabanta, lissafi ne na faɗin ƙofar. A na sinima T ake rubutawa, wato an auna ainihin hasken da ya ratsa ya fita, domin kowane gilashi yana cinye wani abu a hanya. Wannan ya fi damun mai fim, tunda shi ɗauka-ɗauka yake haɗawa. In miji ya yi magana da gilashi ɗaya, matar ta amsa da wani, hasken ɗakin bai kamata ya yi tsalle ba.

Sauran bambancin duk na motsi ne. Zoben saitin gilashin sinima yana juyawa har kusan digiri 300, da haƙora a jikinsa, don mataimaki ya riƙa bin jarumi a hankali yana tafe bai fita daga saiti ba. In an mayar da saiti daga fuska zuwa fuska, hoton ba ya kumbura ya saɓe kamar yadda na hoto ke yi. Gilashin sinima mai zuƙowa kuwa yana riƙe saitinsa daga farko har ƙarshe. Wannan ƙwarewar ƙira ce ta sa kayan Zeiss na Jamus, da Cooke na Ingila, da Angénieux na Faransa suka yi tsadar da ko manyan kamfanonin duniya haya suke ɗauka.

Ga inda nake da magana. Tunda aka gano cewa buɗe ƙofar haske gaba ɗaya yana narkar da abin da ke bayan jarumi, sai abin ya zama yayi, kowace fitowa fuska garau, baya hazo. A otal ko ofis babu asara. Amma labarin da aka ce a ƙauye ya faru, in aka narkar da rumbu da danga da kuka da matan da ke sussuka, me ya rage na ƙauyen? Mai kallo a Gwaram yana son ya gane ƙasarsa a hoto, ya ga jar ƙasa da gonar dawa yadda ya san su. A tsuke zuwa 5.6 ko 8 a bar wurin ya yi magana, a ajiye narkarwa sai lokacin da ake son mai kallo ya kaɗaita da fuska ɗaya, kamar sa'ar da aka kawo wa uwa mummunan labari.

Wurin da buɗewa ke da cikakken amfani shi ne dare. Stanley Kubrick ya ɗauki wasu fitowa na Barry Lyndon, fim ɗinsa na 1975, da hasken kyandir, da gilashin Zeiss mai f/0.7 wanda asalinsa don hukumar NASA aka ƙera. Mu ba ma bukatar kaiwa can. Gilashi mai 1.4 a kan kyamarar yau, da ɗan tallafin haske, ya isa a ɗauki hirar dare a zaure da fitilar ƙwai, maimakon a haska wurin fayau a ce wai dare ne.

Ƙasarmu ma tana da nata sharuɗɗa. Ranar tsaka tana da ƙarfi, farar babbar riga takan ƙone a hoto fuska kuma ta yi duhu, don haka ake sa baƙin gilashin rage haske a gaba, ko a jira hantsi da la'asar. Da hunturu ƙura na shiga ko'ina. Ba a sauya gilashi a fili iska na kaɗawa, ba a kuma goge shi da bakin riga, domin ƙurar tana ƙarce rufin da ke fuskarsa. A hura da robar hura iska tukuna, sannan a shafa da ƙyallensa na musamman.

Wanda ya samu hali ya nemi ilmin a makarantar koyon fim ta ƙasa da ke Jos. Wanda bai samu ba, ya aro ko ya yi hayar gilashi uku, 24 da 50 da 85, ya tsayar da abokinsa a bakin kasuwa, ya ɗauke shi da kowanne daga kusa da nesa, ya zauna ya kwatanta hotunan kafin ya karɓi kuɗin furodusa.