Kundayen Digiri A Kan Ƙasar Gumel: Ina Suke Kwana?

Daga Wakilinmu

Duk ɗalibin da ya kai shekarar ƙarshe a jami'a a ƙasar nan, ba a ba shi digiri sai ya rubuta kundi. Watau zai zaɓi wata matsala, malaminsa ya amince, sa'an nan ya fita ya yi bincike, ya rubuta abin da ya gano, galibi cikin babi biyar, a ɗinke da bango mai kauri a miƙa wa sashe. Mai karatun tarihi da mai karatun aikin gona da mai nazarin tattalin arziki, duk ta wannan ƙofa ɗaya suke fita.

'Ya'yan masarautar Gumel, watau ƙananan hukumomin Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, sun daɗe suna wannan aiki. A da sai sun tafi Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, wadda aka kafa a 1962, ko Jami'ar Bayero ta Kano, wadda ta zama cikakkiyar jami'a a 1977. Yanzu kuwa abin ya matso gida, domin an kafa Jami'ar Tarayya ta Dutse a 2011, aka kuma kafa ta jiha a Kafin Hausa a 2013, wadda ake kira Jami'ar Sule Lamiɗo.

Abin bincike kuwa bai yi wa wannan ƙasa kaɗan ba. Ɗauki tarihi tukuna. Mangawa ne suka kafa sarautar Gumel wajen shekarar 1750, ta zauna ƙarƙashin Barno, jihadi kuma bai ci ta ba. Tsohuwar hedkwatarta, Tumbi, tana cikin Jamhuriyar Nijar a yau, ba a dawo Gumel ba sai a ƙarni na 19. Ashe ke nan ɗalibin da yake son gaskiyar wannan labari ba zai same ta duka a Gidan Adana Kayan Tarihi na Kaduna ba. Sai ya zauna gaban dattawa da maroƙan fada, wani lokaci ma ya ƙetare iyaka. Dattawan nan kuwa kullum raguwa suke yi, kuma duk wanda ya faku ba a rubuta abin da ke bakinsa ba, shi ke nan an yi asara.

Kasuwar Maigatari ita kaɗai ta ishi sassa uku ko huɗu aiki. Kowace Alhamis dabbobi na shigowa daga Nijar, shanu da raƙuma da tumaki, a yi lodinsu zuwa kudancin ƙasar nan, ga kuma cinikin riɗi da zoɓo. An rufe iyaka a watan Agusta na 2019, ba a buɗe ta Maigatari ba sai Disamba na 2020. Aka sake rufewa bayan juyin mulkin Nijar na 2023, aka buɗe a Maris na 2024. Me ya sami dillali da ɗan kamasho da mai sayar da abinci a waɗannan watanni? Nawa ƙaramar hukuma ta rasa na kuɗin shiga? Ba baƙo daga Abuja zai amsa wannan ba. Ɗan garin da ya tashi a bakin kara, wanda dillalai suka san ubansa, shi za a faɗa wa abin da ba a faɗa wa mai karɓar haraji.

Haka Gagarawa, inda jirgin ƙasa na Kano zuwa Nguru ya ratsa, inda kuma aka yi ta ce-ce-ku-ce wajen 2017 a kan gonakin da gwamnati ta ware wa wani kamfani domin noman rake. Haka Sule Tankarkar da matsalar gurgusowar hamada.

To, amma a nan gizo ke saƙa. Wasu ɗaliban ba sa zuwa ko'ina. Sukan sayi kundin wani a shagon kwamfuta, ko su kwaso daga intanet, su cire sunan wani gari su sa Gumel. Wasu kuma su buga takardar tambayoyi da Turanci, alhali manoman da ake nufi ba su ji, sa'an nan su zauna a ɗaki su cike da hannunsu. Laifin ba na ɗalibi kaɗai ba ne, tun da malami ɗaya yakan duba kundaye masu yawan gaske, kuɗin mota zuwa ƙauye kuwa daga aljihun iyaye yake fita. Duk da haka, kundin ƙarya ya fi rashin kundi muni, domin na baya zai ɗauka ya kafa hujja da shi.

Wanda ya yi aikin tsakani da Allah kuma, ina nasa yake ƙarewa? Sashe ya riƙe kwafe ɗaya, ɗalibi ya tafi da ɗaya, ƙura da gara su raba sauran. Ba a saba kai wa sakatariyar ƙaramar hukumar da aka yi binciken a kanta ba, ballantana dagacin da ya ba da masauki. Ma'aikacin sashen gona ko na lafiya sai ya tsara aiki da ƙiyasi, alhali wani ɗan garin ya riga ya bi rijiyoyin nan ɗaya bayan ɗaya ya ƙirga.

Gyaran wannan ba ya bukatar kasafi mai nauyi. Ga Kwalejin Ilimi nan a Gumel tun 1976, tana da ɗakin karatu. Idan majalisar masarauta da shugabannin ƙananan hukumomi huɗun suka rubuta wa jami'o'in Dutse da Kafin Hausa da Kano da Zariya, suka nemi kwafen duk kundin da ya shafi ƙasarsu, tare da taƙaitawa ta shafi biyu da Hausa, za a iya tara su a can, inda ma'aikaci da ɗalibi za su shiga su duba.