MAI MOTA, KA DUBI BIRKINKA NA BAYA

Birnin Jos yana bisa tudu ne, kimanin mita 1,200 sama da teku. Duk wanda ya nufi Akwanga daga can tilas ya gangara Hawan Kibo, inda ransa da na iyalinsa ke rataye ga birki.

To, jama'a da yawa ba su kula da birkin baya sai sun ji ƙarfe yana gugar ƙarfe. Alhali kuwa da zarar kaurin abin da makanikai ke kira fad ya koma milimita 3, lokacin sauya shi ya yi, kuma mutum yana iya yi a gida.

Da farko a tsai da mota a shimfiɗaɗɗen wuri, a tokare tayoyin gaba da dutse, a saki birkin hannu. Bayan an ɗaga ta, sai a sa mata matokari mai ƙarfi, domin jak kaɗai ba abin amincewa ba ne. A motoci da dama murɗa fistin na baya ake yi har ya koma ciki. Danna shi da ƙarfi ɓarna ce. A sauya dama da hagu tare, don kada mota ta riƙa fizga gefe guda.

Daga ƙarshe, kafin mota ta motsa, a yi ta taka birki har ya yi tauri, sannan a duba man birki. Wanda ya manta wannan, takun farko ƙafarsa za ta tafi ƙasa, mota ba ta tsaya ba. Rigakafi dai ya fi magani.