Haƙar Ma'adinai a Ayari Cikin EVE Online: Wace Magana ce Gaskiya, Wace ce Ƙarya?

Duk wanda ya shiga wasan EVE Online a makonsa na farko zai sha shawarwari har ya rasa wadda zai kama. Wani ya ce masa ya yi haƙarsa shi kaɗai don kada a cuce shi, wani ya ce sai ya mallaki babban jirgi kafin a karɓe shi a ayari, wani kuma ya rantse masa cewa kuɗin wasan ana iya mayar da su naira. Sabon shiga bai san dawan garin ba, saboda haka yakan ɗauki maganar wanda ya fi ɗaga murya. Abin da ke damuna shi ne yadda irin waɗannan maganganu ke sa mutane su yi asarar jirgi da lokaci da data, daga nan su zubar da wasan tun ba su ɗanɗani daɗinsa ba.

Ga wanda bai san wasan ba, kamfanin CCP Games na birnin Rekyabik a ƙasar Aisland ne ya fitar da shi a 2003. Ana buga shi ta intanet a wata duniyar samaniya mai suna New Eden, mai tsarin taurari sama da 7,000. Kusan duk jirgin da ake tuƙawa a ciki 'yan wasa ne suka ƙera shi, da ma'adinan da wasu 'yan wasan suka haƙo daga duwatsun da ke shawagi a sarari. Mahaƙi ke nan shi ne manomin wannan duniya: idan bai fita aiki ba, maƙeri ba shi da abin ƙira, mayaƙi ba shi da abin hawa. Bari mu bi maganganun da suka fi yawo ɗaya bayan ɗaya.

"Haƙa kai kaɗai ta fi riba, don ba mai raba maka"

Wannan ƙarya ce, kuma lissafi ne ke ƙaryata ta. Jirgin farko na mahaƙi shi ne Venture, wanda rumbunsa ke ɗaukar kubik mita 5,000 na ɗanyen dutse. Da zarar ya cika, dole ka kashe lezar haƙa, ka koma tasha, ka sauke, ka dawo, ka sake neman dutse. Duk wannan zirga-zirga lokaci ne da ba ka haƙo komai ba.

A ayari kuwa, aikin gayya ake yi. Masu haƙa suna nan a gaban dutse ba sa motsi, mai dako yana kwashe kaya da jirgin da aka ƙera don haka, kamar Miasmos, madugu kuma yana zaune a tsakiya cikin Porpoise ko Orca. Waɗannan jiragen biyu suna da wata na'ura da ke watsa tallafi ga duk ɗan ayarin da ke kusa: lezarsa ta riƙa gama zagaye da sauri, ta kuma kai nesa fiye da da. Ɗan Venture da ya shigo jiya yana samun wannan tallafi daidai da tsohon hannu, muddin yana cikin ayarin kuma bai yi nisa da madugu ba. Tun 2022 kuma waɗannan jirage suna ba 'yan ayari damar matse dutse a nan fagen haƙa, girmansa ya ragu har ninki ɗari. Kayan da da sai an yi sawu da yawa, yanzu sawu ɗaya ya ishe su. Ko da ayarin ya cire kasonsa, abin da ya rage maka yakan fi abin da za ka tara kai kaɗai. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

"Sai ka biya kuɗi, ka sayi babban jirgi, kafin ka yi amfani a ayari"

Akwai ƙamshin gaskiya a rabin maganar, sauran rabin kuwa ƙarya ce. Tun Nuwamban 2016 wasan yana da asusu iri biyu: Alpha na kyauta da Omega na biya. Gaskiya ne mai Alpha ba zai iya tuƙa manyan jiragen haƙa irin su Procurer, Retriever da Covetor ba, balle Skiff, Mackinaw da Hulk da ke sama da su. Amma Venture yana tuƙuwa da asusun kyauta, kuma ko sisi ba sai ka kashe ba, domin ana bayar da shi lada a ayyukan koyarwa na ɓangaren masana'antu da ake ba sabon shiga.

Akwai ƙungiyoyin da sababbi suke nema musamman. EVE University, wadda aka kafa tun 2004, aikinta ke nan: koyar da masu tasowa. A ayari mai tsari akwai aikin da ya dace da kowa. Ƙaramin jirgi yana share ƙananan duwatsun da babban jirgi zai yi asarar zagaye a kansu. Wani kuma aikinsa sa ido kan masu shigowa. Sannan ƙwarewar da ake koya a wasan da agogo take tafiya, ko kana kan kwamfuta ko kana barci, saboda haka gaggawar sayen jirgin da ba ka iya sarrafa shi ba asara ce kawai. Sannu ba ta hana zuwa.

"A yankin tsaro ba mai iya taɓa ka"

Wannan ita ce ƙaryar da ta fi cin jiragen sababbi. Kowane tsarin taurari yana da makin tsaro. Daga 1.0 zuwa 0.5 shi ne yanki mai tsaro sosai, 0.4 zuwa 0.1 mai ƙaramin tsaro, daga 0.0 zuwa ƙasa kuwa ba doka sai ta masu ƙarfi. A yanki na farko akwai 'yan sandan wasa da ake kira CONCORD. Aikinsu hukunta wanda ya kai hari ne, bayan ya riga ya buɗe wuta. Tabbas za su tarwatsa jirginsa, amma sukan ɗauki 'yan daƙiƙoƙi kafin su iso, kuma jinkirin ya fi tsawo a 0.5 fiye da 1.0.

A cikin waɗannan daƙiƙoƙi 'yan kwanton ɓauna suke cin kasuwarsu. Ga yadda abin yake faruwa. Kana zaune gaban dutse, leza na aiki, ka juya kana duba waya. A jerin sunayen waɗanda ke cikin tsarin taurarin, mutum biyar ko shida sun shigo a tare, ba ka gani ba. Kafin ka ɗago kai, jiragen Catalyst masu arha da zafin wuta sun sauka a kanka. Garkuwa ta tafi, sulke ya tafi, jirgi ya fashe. CONCORD ta iso ta hallaka su duka, amma abokinsu da bai harba ko ɗaya ba ya zo ya kwashe abin da ya zube. Sun riga sun yi lissafi: jiragen da za su rasa ba su kai naka tsada ba. Har gasar farautar mahaƙa aka sha yi a wasan, mai suna Hulkageddon, wadda ta samo sunanta daga jirgin Hulk.

Maganin abin sananne ne. Idonka ya kasance kan jerin sunayen nan da kuma na'urar hango jiragen da ke kusa. Idan ka kai matsayin babban jirgi, Procurer mai kaurin garkuwa ya fi maka Covetor mai saurin haƙa amma mara ƙwari. Ku nisanci fagagen da ke kusa da Jita, babbar kasuwar wasan, da manyan hanyoyin fatake. Madugu ya ce a tashi, a tashi nan take, ko da saura ƙiris rumbu ya cika. Tsofaffin 'yan wasa suna da ƙa'ida ɗaya da suke maimaita wa kowa: kada ka fita da jirgin da rasa shi zai durƙusar da kai.

"Dole ka sayi takardar izinin haƙa"

Ƙarya ce. Kamfanin wasan ba ya sayar da wani izinin haƙa, kuma ba wata dokar wasa da ta wajabta shi. Wasu gungun 'yan wasa ne, waɗanda aka fi sani da CODE., suka shahara da karɓar kuɗi daga mahaƙa da sunan izini, wanda ya ƙi biya su fasa masa jirgi. Abin da ya sa maganar take kama da gaskiya shi ne wasan ya halatta irin wannan tatsa, har da damfara tsakanin 'yan wasa, matuƙar a cikin wasan aka yi ta. Biyan kuɗin ba ya ɗaure hannun kowa, kuma ba inda za ka kai ƙara idan aka saɓa alkawari.

"Ku taru a kan dutse ɗaya mafi tsada, za ku fi sauri"

Kuskure biyu ne a cikin wannan. Na farko, kowane dutse yana da iyakar abin da ke cikinsa. Idan leza shida suka haɗu a kan wanda ya kusa ƙarewa, duk za su yi zagaye, amma ɗan abin da ya rage shi kaɗai za a samu. Ayari mai hankali yakan raba fage: waɗannan su fara daga wannan gefe, waɗancan daga wancan, kowa da dutsensa, ana auna abin da ya rage kafin a kunna leza.

Na biyu, tsadar ƙwaya ɗaya ba ita ce ma'auni ba. Rumbu da leza duk da kubik mita suke aiki, don haka abin tambaya shi ne nawa kubik mita ɗaya yake kawowa. Veldspar, dutsen da ya fi kowanne yawa, ƙwayarsa kashi ɗaya ce cikin goma na kubik mita, wato Venture ɗaya yana ɗaukar ƙwaya 50,000. Daga cikinsa ake samun Tritanium, wanda kusan kowane jirgi ke buƙata da yawa. Farashi yana hawa yana sauka, saboda haka madugu ya duba kasuwa kafin a fita. A kuma tuna cewa tun ƙarshen 2021 wasu kayan haƙa masu ƙarfi suna lalata wani ɓangare na dutsen yayin da suke ci. Idan fagen ƙarami ne kuma na kowa da kowa, ya kamata a yi shawara kan kayan da za a ɗaura.

"Duk abin da ka zuba a akwati a sarari naka ne"

Gaskiya ne a suna, amma ba a kulle yake ba. Akwatin da mahaƙi ke jefarwa don tara dutse yana ɗaukar kubik mita 27,500, cikin Venture biyar da rabi ke nan, kuma yakan ɓace bayan kimanin awa biyu. Kowa na iya buɗe shi ya ɗiba. Wanda ya sata yana samun alamar tuhuma, wadda ta halatta wa kowa harbinsa. A nan tarkon yake: sabon shiga ya fusata ya harbi ɓarawon, shi kuma dama abin da yake jira ke nan, domin yanzu ya samu damar ramawa da jirgin yaƙi ba tare da CONCORD ta sa baki ba. Idan an yi maka sata, ka haɗiye fushi ka sanar da madugu. Mafi kyau ma a riƙa zuba kaya kai tsaye cikin rumbun ayari na Orca ko Porpoise.

"Ka tace dutsenka da kanka, riba ta fi"

Ga sabon shiga, yawanci ba haka ba ne. Wanda bai koyi tacewa ba kusan rabin ma'adinin kawai yake samu a tasha. Wanda ya ƙware yana kusantar kashi 70 cikin ɗari a wannan tashar, ya kuma wuce haka a matatun da 'yan wasa suka gina. Shi ya sa ƙungiyoyi da yawa suke sayen ɗanyen dutse daga mambobinsu a farashi ƙasa kaɗan da na Jita, su ɗauke musu wahalar dako da haɗarin hanya. Sharaɗi ɗaya ne: a san yadda za a raba tun kafin a kunna leza, ko kowa da abin da ya haƙo, ko a tara a raba, da kuma kason madugu da mai dako. Rigimar rabo ta fi Catalyst saurin wargaza ayari.

"Duwatsu suna dawowa kullum, don haka lokacin fita yana da tasiri"

Wannan gaskiya ce. Kullum ana rufe wasan na ɗan lokaci da ƙarfe 11 na safe agogon GMT, wato 12 na rana a Najeriya da Nijar, 11 a Ghana. Bayan an buɗe, fagagen duwatsu na yau da kullum sukan farfaɗo. Ayarin da ya fita bayan wannan lokaci yakan tarar da fage cike, wanda ya jira dare a wuri mai cunkoso kuwa yakan tarar an yi masa kala.

"Ka bar manhaja ta yi maka haƙa, ka sayar da kuɗin ka karɓi naira"

Wannan ce mafi haɗari, kuma ta samu gindin zama a wajenmu ne saboda tun zamanin manhajojin Pi da Hamster Kombat matasa da yawa da sun ji kalmar "mainin", wato haƙa, sai su hango kuɗi a banki. ISK kuɗin cikin wasa ne kawai. Sayar da shi da kuɗin gaske ya saɓa yarjejeniyar kamfanin wasan, haka ma amfani da manhajar da ke buga wasa a madadin mutum, kuma hukuncinsu yana kaiwa ga rufe asusu. Hanyar da aka halatta ɗaya ce, kuma ciki take shiga ba ta fita: ana sayen wani kayan wasa mai suna PLEX da kuɗin gaske a sayar da shi a kasuwar wasa, ko a saye shi da ISK a biya kuɗin Omega. Duk wanda ya ce ka ba shi lambar sirrinka zai haɗa maka wata hanya, asusunka yake nema. Kwaɗayi mabuɗin wahala.

Saboda haka, ɗan'uwa, idan za ka fara, karɓi Venture ɗinka na kyauta, ka nemi ƙungiyar da ke koyar da sababbi, ka tambayi yadda ake rabo kafin ka fita, ka tsaya kusa da madugu, idonka kuma kada ya bar jerin sunaye. Duk maganar da aka kawo maka, gwada ta a fage da kanka, ka ƙirga abin da ka tara cikin awa ɗaya kai kaɗai, ka ƙirga na awa ɗaya cikin ayari. Lissafin nan shi zai raba maka gardama.