Mararraba da Sabobin da ke Raba Aiki

Saba, wadda wasu ke kira uwar garke, ita ce kwamfutar da aka keɓe domin biyan bukatun sauran kwamfutoci. In masu bukata suka yi yawa, a kan jera sabobi uku ko huɗu su raba aikin, mai nema kuwa adireshi ɗaya tak ya ke gani. Wayoyinsu duka su kan haɗu a wani akwati mai ƙofofi da yawa da ake kira suwic. A wannan takarda an kira shi mararraba, gama nan ne hanyoyi ke haɗuwa su kuma rabu.

Kafin a zaɓi mararraba, wajibi ne a san halinta. Kowace na'ura tana da lambar shaida ta kanta, watau lambar MAC. Duk saƙon da ya shigo, mararraba ta kan dubi lambar mai aikowa ta rubuta ƙofar da ya biyo. In kuma saƙo ya zo wa lambar da ba ta sani ba, sai ta watsa shi ta sauran ƙofofi duka. Watau a wurinta lamba ɗaya ƙofa ɗaya ce. To, rabon aiki kuwa so ya ke sabobi da yawa su zama kamar ɗaya. A nan ne gizo ke saƙa.

Tsarin NLB na kamfanin Microsoft ya isa misali. A ɗaya daga hanyoyinsa, a kan ba sabobin duka lamba guda, a kuma ɓoye ta da gangan don kada mararraba ta ɗaure ta ga wata ƙofa. Saƙo ya kan kai ga kowace saba kamar yadda ake so, amma har ila yau ya kan kai ga kwamfutar akawu da na'urar buga takarda da ba ruwansu da shi, hanya ta cunkushe. Maganin abin shi ne a kewaye sabobin da shinge irin na VLAN, wanda ƙungiyar IEEE ta kafa wa ƙa'idar 802.1Q a 1998. Mararraba mai araha wadda ba a iya ba ta umarni ba ta san wannan shinge ba. Wanda ya saye ta don wannan aiki ya yi asarar kuɗinsa.

Batun faɗin hanya lissafi ne. Ƙofofi 48 masu gigabit ɗaya ɗaya, in mafitarsu wayoyi biyu ne masu gigabit 10, to 48 ke nan za su bi ta hanyar 20. A kan iya ɗaure wayoyi su zama dami ɗaya da LACP, wanda ya fito cikin ƙa'idar 802.3ad a shekarar 2000. Sai dai a lura: zance ɗaya tsakanin na'urori biyu waya ɗaya ya kan bi, don kada saƙonni su iso baya na gaba. Saboda haka damin ba ya ƙara wa zance guda sauri, kuma in mararraba da lambar MAC kaɗai ta ke rabon, abin da ya fito daga mai rabon aiki zuwa saba guda duk waya ɗaya zai taru. A nemi wadda ke duba adireshin IP da lambar tashar zancen.

Sa'an nan mararraba ɗaya ba ta isa ba, domin ran da ta mutu sabobi goma da ɗaya duk ɗaya ne. A kan sa biyu, kowace saba da waya a kowace. Amma hanyoyi biyu kan haifi da'ira, saƙo ya yi ta zagayawa ba iyaka. Radia Perlman ce ta samo dabarar toshe hanyar da ta yi rara a 1985. A tsohon tsarin, ƙofa ta kan yi daƙiƙa 30 tana saurare kafin ta buɗe, mai rabon aiki kuwa ya riga ya ƙidaya sabar cikin matattu. Ƙa'idar 802.1w ta 2001 ta rage jiran ƙwarai. Duk da haka, sai an gaya wa mararraba cewa ƙofar nan saba ce a bakinta, ba wata mararraba ba, sa'an nan ta buɗe ta nan take.