Abin da ya kamata ku sani game da kyanwar Tonkinese

Tonkinese kyanwa ce ruwa biyu. An same ta ne daga barbarar Siamese, wadda asalinta ƙasar Tailan ce, da Burmese, wadda tushenta ke ƙasar Bama. Masu kiwon kyanwoyi a Kanada da Amurka ne suka duƙufa wajen haɗa jinsunan biyu a shekarun 1960, daga cikinsu akwai Margaret Conroy ta Kanada da Jane Barletta ta jihar New Jersey. A 1984 babbar ƙungiyar masu kiwon kyanwoyi ta Amurka, wato CFA, ta ba ta cikakken izinin shiga gasa.

A ƙira, ta tsaya tsakanin iyayenta. Ba ta kai Siamese tsawo da siranta ba, ba ta kuma kai Burmese kauri ba. Jikinta a murɗe yake, shi ya sa in aka ɗaga ta sai a ji ta fi nauyin da ido ya ƙiyasta. Gashinta gajere ne mai santsi da sheƙi, ya kwanta luf a jiki.

Tsarin launinta iri uku ne, kuma kowanne da launin idonsa. Akwai mai hasken jiki, fuska da kunnuwa da ƙafafu da wutsiya kuwa masu duhu, ita ce mai shuɗin ido. Akwai wadda launinta kusan ɗaya ne daga kai har wutsiya, idonta kore ko ruwan zinare. Ta tsakiyarsu, wadda ake kira mink, ita ce aka fi sani, idonta tsakanin shuɗi da kore. Idan aka haɗa mink biyu, kusan rabin 'ya'yan ne ke fitowa mink, sauran su rabu tsakanin launuka biyun farko. Ana haihuwarsu da haske, sai sun girma launin ke nuna.

Halinta ne ya fi jan hankalin masu kiwo. Tana bin mai ita ɗaki zuwa ɗaki, ta haye cinya ko kafaɗa, ta fito tarbar baƙo maimakon ta ɓuya. Tana da yawan kuka kamar Siamese, amma muryarta ta fi taushi. Ga wayo: tana koyon ɗauko abin da aka jefa mata. Takan saba da yara da sauran dabbobin gida cikin sauƙi.

Wannan son mutanen shi ne kuma nauyin da ke kan mai kiwonta. In aka bar ta ita kaɗai yini guda, takan shiga damuwa ta fara ɓarna. Tana bukatar wasa kullum, wurin hawa, allurar rigakafi, da duba haƙoranta wurin likitan dabbobi, domin ciwon dasashi kan kama irinta. Da kyakkyawar kulawa tana iya haura shekara 15.

Saboda haka, in gidanku a rufe yake wuni, kada ku ɗauko ta sai kun samar mata abokiyar zama.