Daga Sarkin Dawa Zuwa Malamin Daji

A ƙasar Hausa ta dā, daji ba wurin da kowa ke faɗawa yadda ya ga dama ba ne. Yana da masu shi. Sarkin dawa, wanda wasu garuruwa ke kira sarkin daji, shi ya san inda mashaya take, inda ɓauna ke kwana, da wace kuka ce ba a raɓa da tsakar rana. Shi ke faɗin lokacin fita farauta, kuma in baƙo ya ɓace a dokar daji, ƙofarsa ake bugawa. Ba ya da littafi, ba ya da albashi. Abin da yake da shi sani ne da ya gada, sai kwarjini, sai kuma tsoron da mutane ke yi wa abin da ba sa gani.

Tsoron nan ya yi aiki fiye da yadda muke zato. Tsamiya da kuka sun tsira daga gatari a wurare da yawa don ana cewa gidan iskoki ne. Ɗorawa da kaɗanya kuwa amfaninsu ya kare su: wa zai sare uwar daddawa, ko itacen da mata ke samun man kaɗe? Mai sassabe yana zuwa kansu sai ya kewaye. Gawo ya fi su duka gata, saboda ɗabi'arsa ta bambanta da ta sauran itatuwa. Yana kakkaɓe ganye da damina, gero ya samu rana da taki a gindinsa, sa'an nan ya yi kore shar da rani lokacin da dabbobi ke neman abin kaiwa baka. A Damagaram har yau ana tuna Sarki Tanimu da tsananin hukuncin da ya ɗora wa mai sare gawo.

Da Turawa suka zo, sai daji ya shiga takarda. Dokar gandun daji ta 1916, da wadda ta biyo ta a 1937, suka ba gwamnati da En'e ikon shata daji su ce wannan an killace. Haka aka keɓe Kamuku a ƙasar Birnin Gwari a 1936, aka keɓe Yankari a 1956 don namun daji. A nan aka samu sabon mutum, malamin daji: kaki, hular gwamnati, keke, da ɗan littafin rasit a aljihun gaba. A 1958 aka buɗe makarantar koyon aikin a Jos.

Duk wanda ya tashi a ƙauye ya san hoton. Mai itace ya ɗauro jakinsa, yana tafe yana waige. Kwatsam sai ga malamin daji daga bayan sabara. Ya zare ice ɗaya daga cikin ɗaurin, ya kankare ɓawon da farce. In ya ga ɗanye, sai ya ce, "Malam, ina takardarka?" Shiru. Gatari ya tafi ofis, mai shi ya bi baya da tara, ko kuma, a faɗi gaskiya, a sasanta a gindin bishiya. A gani na nan ne aikin ya samu tabo. Manomi ya fahimci cewa itacen da ya tsiro a gonarsa ba nasa ba ne, na hukuma ne, don haka gara ya tumɓuke shi tun yana ƙarami kafin ya zame masa shari'a.

Ba sharri kaɗai malaman daji suka bari ba. Layukan dogon yaro da turare da suka tare iska a arewacin Kano da Jigawa, hannun ma'aikatan gandun daji ne ya rene su tun suna cikin leda.

Darasin da ya fi ƙarfi daga Maraɗi ya fito. Bayan farin shekarun 1970 da na 1984, dashe ya yi ta mutuwa. Wani Bature ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, ya lura tun 1983 cewa kututturan da ke gonaki da ransu, toho suke yi kowace shekara ana sassabe su. Manoma suka fara barin reshe biyu ko uku masu ƙarfi, su datse sauran. Ba rijiya, ba leda, wuƙa kawai. Da hukuma ta sassauta, manomi ya tabbata itacen nasa ne, sai aka wayi gari kusan hekta miliyan 5 ta sake yin kore a kudancin Nijar. Ma'aikacin daji a can ya koma mai ba da shawara fiye da mai kamu.

A wannan gefen iyaka kuwa damuwar ta sauya kama. Buhunan gawayi na fita mota-mota, marke da ƙirya na ƙarewa. Rugu, Kamuku, Kuyambana da Sambisa, sunayen da dā ma'aikaci ke alfahari an tura shi can, yanzu a labaran 'yan bindiga ake jin su. Malamin daji da yawa yana zaune a sakatariyar ƙaramar hukuma, taswirar gandunsa manne a bango, ya shekara bai taka cikinsa ba.