Madubin likita na zamani: Ina ake ajiye hotunan da yake ɗauka?

Idan aka sayo wa asibiti ko jami'a sabon madubin likita mai haɗe da kwamfuta, hankali yakan koma kan kuɗinsa da bikin ƙaddamar da shi. Da wuya a ji wanda ya tambayi inda za a adana hotunan da zai riƙa ɗauka. Amsar wannan tambaya ta shafi cibiyoyi irin su Jami'ar Tarayya ta Dutse, wadda aka kafa a 2011, da Asibitin Koyarwa na Rasheed Shekoni, domin hoton tsokar da ake zargin tana ɗauke da cutar daji, ko binciken da ɗalibi ya shekara yana yi, na iya salwanta a dare ɗaya.

Yaya girman hotunan yake?

Hoton ɗigon jini na gwajin zazzaɓin cizon sauro bai wuce 'yan megabayit ba. Amma na'urar da ke ɗaukar gilashin gwaji baki ɗaya takan fitar da hoto mai gigabayit 1 zuwa 3. Ke nan gilashi 500 kacal na iya cika ma'ajiya mai terabayit 1.

HDD ko SSD?

HDD faifai ne mai juyawa. Yana da arha da yalwar wuri, sai dai saurinsa bai cika wuce megabayit 200 a daƙiƙa ba, kuma faɗuwa ɗaya na iya kashe shi. SSD ba ya da abin da ke motsi a cikinsa, kuma nau'in NVMe yakan haura megabayit 3,000 a daƙiƙa, amma ya fi tsada. Don haka ake raba musu aiki: SSD ya karɓi hoto lokacin ɗauka da nazari, HDD ya zama rumbun ajiya.

Haɗa faifai da yawa a tsarin RAID yana kare bayanai idan ɗaya ya mutu, amma ba ya maganin gobara, sata ko gogewa bisa kuskure. Ƙa'idar da masana suka fi bi ita ce kwafi uku, a ma'ajiya iri biyu, ɗaya a wani gini daban.

Wuta, zafi da doka

A Dutse zafi yakan haura digiri 40 a watan Afrilu, ƙurar hunturu kuma tana toshe fankar kwamfuta. Ɗaukewar wuta ana tsakiyar adana hoto na iya lalata shi, shi ya sa batirin ko-ta-kwana ya zama dole. Duhun da ya mamaye Arewa sama da mako guda a Oktoban 2024 ya isa darasi.

Ajiya a intanet tana taimakawa, amma ɗora dubban gigabayit na cin data da lokaci. Sannan Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta sanya bayanan lafiya cikin masu buƙatar kariya ta musamman, don haka yawo da hoton majinyaci a filashi ko WhatsApp ganganci ne.

Duk kwangilar da ta ambaci madubi ba ta ambaci ma'ajiya, batiri da mai kula da su ba, ba ta cika ba. Mai bibiyar kasafin kuɗi ya nemi waɗannan layuka uku kafin ya yi tafi.